Wayar intanet tana ɗaukar wuta, amma ba kowace irin wuta ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da na gani da idona a watan Afrilun da ya wuce, wanda har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Sana'ata haɗa kyamarorin tsaro da intanet a shaguna da gidaje da makarantu a nan Kano. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ita nake ciyar da iyalina.

Wani Alhaji mai shagon kayan masarufi, wanda na taɓa haɗa wa kyamara huɗu, ya kira ni in ƙara masa ta biyar a bayan sito. Na isa bayan azahar, na kafa tsani, na ɗaga allon silin na cusa kai. Duk wanda ya taɓa shiga tsakanin silin da kwano a bazara ya san abin da ake kira zafi. Kafin minti biyu rigata ta jiƙe sharkaf. A gefe na hango wata shuɗiyar waya irin tamu ta intanet a nannaɗe, na gane ragowar da na bari ce tun wancan aikin. Na ce alhamdu lillahi, ta rage mini hanya. Na zaro filaya zan datse ta in matse mata kai. Abin da ya tsayar da hannuna wari ne, warin roba da ta sha wuta. Na haska tocila. Naɗin ya manne da juna ya zama dunƙule guda, shuɗin ya koma ruwan ƙasa, wani wurin ma baƙi ƙirin. Na danna da bayan filaya, robar ta lotsa kamar cingam. Sai na ɗauko testa daga aljihu na dangwala inda ta saɓule, nan take ta kama jajir. Wutar NEPA ce, bolt 230, a cikin wayar da nake shirin datsewa da jiƙaƙƙen hannu, ina tsaye a kan tsanin ƙarfe. A ƙarƙashina kuma katan-katan ne na taliya da sabulu da jarkokin man gyaɗa, an jera su har sun kusa taɓa silin.

Na sauko ƙafafuna suna rawa, na kashe babban makunni, sannan na tambayi wanda ya yi wannan aiki. Yaron shagon ne, bai fi shekara goma sha bakwai ba, yaro mai ladabi da son koyo. Mai shayin da ke ƙofar shagon ya roƙe shi ya ja masa wuta, shi kuma ya ga waya a ajiye ba mai amfani da ita. Ya feɗe ta, ya murɗa zare biyu wuri ɗaya, wasu biyun wuri ɗaya, ya cusa a bayan soket ya naɗe da salatif. Wata biyu kwan fitila da cajin waya kawai take ɗauka, ba abin da ya faru. Daga baya mai shayi ya sayi butar lantarki. Da na tambaye shi wa ya gaya masa ana ɗora wa wannan waya wuta, sai ya sunkuyar da kai ya ce: “Oga, ai na ga kai ma da ita ka kai wa kyamara wuta. Ban ga ka ja wata waya daban ba.”

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yaron bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani gaskiya ne: waya ɗaya na ja daga cikin shago zuwa kowace kyamara, ita ke kawo hoto, ita ke kai wuta. Abin da bai gani ba yana cikin ƙaramin akwatin da na jona wayoyin, kuma ban taɓa zaunar da shi na yi masa bayani ba. Irinsa suna da yawa a kasuwanninmu, suna kallonmu muna aiki suna ɗauka sun gane.

Idan ka feɗe wayar intanet za ka tarar da zare takwas, an murɗe su biyu-biyu: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowanne da farin abokinsa. Kaurin kowane zare wajen rabin milimita ne. A ma'aunin da masu wayarin ke amfani da shi, inda suke cewa wayar soket 2.5 ce, ta fitila 1.5, zaren wayar intanet 0.2 ne kacal. Sai ka tara goma sha biyu kafin su kai wayar soket ɗaya. Robar da ta lulluɓe su ma siririya ce, don ba a yi ta domin wutar gida ba.

To ta yaya muke kai wa kyamara wuta da ita? Akwai ƙa'idar kai wuta ta wayar intanet, ita ce za ka ga an rubuta PoE a jikin na'ura. Ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE da ke Amurka ce ta tsara ta. A 2003 ta fitar da ta farko, mai lamba 802.3af, wadda ta yarda a tura wat 15.4 a waya ɗaya. A 2009 aka ɗaga zuwa wat 30, a 2018 kuma aka kai wat 90, ta hanyar amfani da zaren takwas gaba ɗaya. Wutar da ake turawa irin ta batir ce, tsakanin bolt 44 zuwa 57, ba irin ta NEPA ba. Kuma ko a mafi girman ƙa'idar, zare ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya haura rabin amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Butar mai shayi wat 1,500 aka rubuta a gindinta. Wannan ya fi amfiya shida, a kan zare biyu. Kowane zare yana ɗauke da ninki shida na abin da injiniyoyin da suka ƙirƙiro tsarin suka yarda a ɗora masa, ga shi kuma a nannaɗe, inda zafi ba shi da hanyar fita.

Amma abin da ya fi burge ni a tsarin, wanda nake so kowa ya riƙe, shi ne na'urar tana sallama kafin ta shiga. Idan ka jona waya a suwic mai PoE na gaske, wato ƙaramin akwatin nan da ake jona wayoyin, ba ya sakin wuta nan take. Sai ya fara tura 'yar ƙaramar wuta wadda ba ta wuce bolt 10 ba, yana neman wata alama da aka dasa a cikin duk na'urar da aka ƙera don karɓar wuta ta wannan hanya. In an amsa sallama, su daidaita a kan adadin da ake buƙata, sannan ya buɗe. In ba a amsa ba, kamar a ce kwamfuta ce aka jona, saƙo kawai zai riƙa turawa, wuta kuwa ko ɗigo. Bayan ya buɗe ma bai saki jiki ba. Da wayoyi za su haɗu, ko na'urar ta ja fiye da ƙima, ko a zare waya, cikin ƙiftawar ido yake yankewa. Ashe ba wayar ce ke da ƙarfi ba, mai gadi gare ta. Yaron Alhaji ya ɗauki wayar ya bar mai gadin.

Wani zai ce ai akwai bireka a shagon, makunnin nan mai yanke wuta da kansa, da abin ya ɓaci zai faɗi. Ba zai faɗi ba. Birekan layin soket an sa shi ne don ya kare waya mai kauri, yana jiran amfiya ashirin ko fiye. Amfiya shida a wurinsa ba komai ba ce. Siririyar waya za ta narke, ta kama kwali, ta kama katakon rufi, shi yana nan tsaye yana ganin lafiya lau. Daga nan sai a kira 'yan kwana-kwana, a ce wuta ce ta tashi daga wayarin, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Mu da muka ga yadda kasuwar Sabon Gari ta ƙone a 2016, muka ga manyan mutane suna kuka a kan tokar dukiyarsu, bai kamata a ce sai an roƙe mu mu leƙa silin ɗin shagunanmu ba.

Akwai kuma wani nau'in da ya kamata abokan sana'a, musamman sababbin shiga, su yi hattara da shi. Ba duk abin da aka rubuta wa PoE ne ke sallama ba. Wasu na'urorin jan intanet daga nesa, irin waɗanda ake ɗaurawa a saman bene, kamar wasu ƙirar Ubiquiti da MikroTik, suna zuwa da ɗan akwatinsu mai tura bolt 24 kai-tsaye ta shuɗin zare da mai ruwan ƙasa. Kayan kirki ne, kuma ga na'urar da aka yi shi dominta ba shi da matsala. Sai dai shi da ka jona ya saki wuta, ba ya tambayar wanda ke ɗaya bakin. Wani yaro da ke koyo a hannuna ya taɓa ɗaukar irin wannan waya ya jona wa firintar wani ofis, muka ji ƙauri, ramin intanet ɗinta ya mutu ke nan. Tun daga ranar duk wayar da ke ɗauke da irin wannan wuta sai na naɗa mata jan salatif a baki biyu, na rubuta adadin bolt ɗin da maka.

Inda na fi ganin wayar intanet tana aikin da ba nata ba shi ne wajen sola. Na je ƙauyenmu da sallar da ta wuce na tarar ɗan ƙanena ya haɗa wa Inna fitilu huɗu daga ƙaramin batir, duk da guntayen waya da ya tsinto a shagona. Na yi murna da basirarsa, kuma ba zan ɓoye gaskiya ba: ƙananan fitilu masu wat uku ko biyar, a tazarar ɗaki da tsakar gida, wayar za ta ɗauka. Abin da ya ba ni tsoro shi ne babu fiyus ko ɗaya. Mutane suna raina batir don bolt 12 ba ya jan mutum. Ba ya ja, amma yana ƙonawa. Ɓera ya ciji waya, zare biyu suka haɗu, batir ba shi da hankalin da zai tsaya, duk abin da ke cikinsa zai tura, wayar ta yi ja kamar garwashi. Ita kuwa ta bi ta jikin azara, ta wuce ta saman gidan sauron tsohuwa. A ranar na aike shi wurin masu gyaran mota ya sayo ƙaramin fiyus mai amfiya biyu da mazauninsa, muka sa shi dab da kan batirin. Kuɗinsa bai kai na katin waya ba.

Bolt 12 yana da wata illar kuma, wadda ke sa masu kyamara su yi ta zargin kaya ba su da kyau. Sau da yawa ana kirana a ce kyamara tana aiki da rana, da an yi magariba sai ta ɗauke. Wani ma har ya fara zargin maigadi. Idan na bincika sai in tarar an ɗauko mata bolt 12 daga nesa ta cikin zaren da suka rage a wayar intanet. Lissafin ba wuya. Kyamarar da ke jan amfiya ɗaya da dare, lokacin da fitilunta na gani a duhu suka kunnu, idan tana nesan mita 50 kuma zare biyu ke kai wuta biyu ke dawowa, fiye da bolt huɗu yana zubewa a hanya ya zama zafi. Abin da ya isa gare ta bai kai takwas ba, dole ta suma. Wannan ne dalilin da ya sa tsarin PoE ya zaɓi wajen bolt 48. Wat 12 ɗin da kyamarar nan ke ci, a bolt 48 rubu'in amfiya kawai yake buƙata, zafin da wayar ke sha kuma ya ragu ninki goma sha shida. Duk da haka ƙa'ida ta tsaya a mita 100, ba a wucewa sai an sa wata na'urar a tsakani.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ni ma na taɓa faɗawa cikinsa. Shekara shida da suka wuce kwamitin wata makarantar Islamiyya ya ba ni aikin kyamara takwas. Kuɗinsu kaɗan ne, karo-karo iyaye suka yi. Na shiga kasuwa aka nuna mini kwali biyu, kowanne mita 305, kowanne an rubuta Cat6, wato ajin ingancin wayar, ɗaya kusan rabin kuɗin ɗayan. Na ɗauki mai arahar ina ganin na taimaka musu. Kafin shekara ta zagayo kyamarori uku mafiya nisa suka fara ɗaukewa. Na je na ciro kan wayar, na ga wani farin gari a jikin zaren, na lanƙwasa shi sau biyu ya karye. Na kankare da wuƙa, jan ya tafi, fari ya bayyana. Alminiyon ne aka yi wa fenti da jan ƙarfe, abin da ake kira CCA. Alminiyon yana wuce da wuta kamar kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi, don haka ya fi saurin ɗaukar zafi, ya fi zubar da wuta a hanya, kuma bakinsa yana cin kansa inda aka matse shi. Ƙa'idar Cat5e da Cat6 jan ƙarfe zalla ta ce. Na cire wayar gaba ɗaya na sake sabuwa da kuɗin aljihuna, don amana aka ba ni, kuma yara ƙanana ke zama a ƙarƙashin wannan rufin. An ce araha ba ta ado. A wannan sana'a ba adon kawai take hanawa ba.

Gane wayar bogi ba ya buƙatar na'ura. Ka ce mai kaya ya yanko maka ɗan taƙi, ka feɗe zare ɗaya ka kankare. Ko ka kunna masa laita: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, na bogi zai langaɓe ya zube. Kwalinsa ma in ka ɗaga ya fi sauƙi a hannu. Wasu 'yan kasuwar masu tsoron Allah ne, da ka tambaya za su ce maka wannan kofa ce, wato jan ƙarfe zalla, wannan ba kofa ba ce, zaɓi ya rage naka. Wasu kuwa su kansu ba su sani ba, yadda aka kawo musu haka suke sayarwa. Ina kira ga hukumar SON mai kula da ingancin kaya da ta sa ido a kan wannan waya kamar yadda take sa wa wayar wutar gida, ta tilasta a rubuta abin da ke ciki ɓaro-ɓaro a jikin kwali. A da saƙo kawai wayar ke ɗauka, in ta lalace intanet ne zai yi nauyi. Yanzu wuta take ɗauka dare da rana a cikin rufin mutane.

Yanayinmu ma ba ya ɗaga mata ƙafa. Da yawa daga cikin wayoyin nan an rubuta a jikinsu ba a so zafinsu ya wuce digiri 60. Mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana haura 40, balle ƙarƙashin kwano. Idan aka ɗaure waya ashirin tamau a dami ɗaya, kowace tana ɗauke da wuta, ta tsakiyar ba ta shan iska. Ni nakan raba su ƙananan damuna, in nisanta su da kwano da kuma wayar NEPA. Wadda za ta bi waje kuma akwai baƙa mai kauri da aka yi don rana da ruwa. Shuɗiyar ta cikin ɗaki in ta yi bazara biyu a katanga sai ta tsattsage, ruwan damina ya bi cikinta har ya ɗiga a bayan na'ura. Tsakanin gini da gini, in mai aiki zai iya, na fi ba da shawarar wayar gilashi, wadda haske ke bi ta cikinta, don ita tsawa ba ta da hanyar bin ta.

Na san halin da ake ciki. Wayar wuta ta gaske ta yi tsada, kowa dabara yake nema, kuma yaranmu suna da ƙwaƙwalwa. Ba dabarar nake so a kashe ba. Abin da nake roƙon iyayen gida a wannan sana'a shi ne, duk yaron da ke riƙe mana tsani mu gaya masa dalilin abin da muke yi, kada mu bar shi da abin da idonsa ya gani kawai. Kuma kada mu bar ragowar waya a rufin mutane. Wannan darasi ne da na ɗauka wa kaina. Makarantun koyon sana'a su sa wannan a darasin wayarin, hukumar NEMSA da ke ba masu wayarin shaidar ƙwarewa ita ma ta waiwayi masu haɗa kyamara da sola, don mun yi yawa kuma galibinmu a bakin aiki muka koya. Shugabannin kasuwa, idan ana zagayen duba wayarin kafin hunturu, a riƙa ɗaga silin, a bi kowace siririyar waya a ga inda ta fito da inda ta nufa.

Alhaji da ya ga dunƙulen wayar ya yi shiru ya daɗe yana salati, sannan ya ce yaron ya tattara kayansa. Na roƙe shi na ce, Alhaji, ka yi haƙuri, rashin sani ne, kuma ni na bar wayar a can. Ya haƙura. Washegari ya kira mai wayarin ya ja wa mai shayi layi da waya 2.5 a cikin bututu, da birekansa daban. Yaron yanzu duk Asabar yana zuwa wurina, ya iya jera zaren takwas a kan waya ba tare da ya duba takarda ba. Dunƙulen kuma na rataye shi a ƙofar shagona, duk wanda ya zo sayen aiki ya ce in rage masa ta wajen waya sai in miƙa masa ya shinshina.

Wanda ya karanta wannan wasiƙa ya tuna akwai irin wannan waya a shagonsa ko gidansa da aka jona wa wutar NEPA ko ta janareta, don Allah kada ya taɓa ta da hannu don ya ga siririya ce. Ya kashe babban makunni tukuna, sannan ya kira wanda ya san aikin.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya tsare mu da gobara.

Naka,
Mai haɗa kyamara da intanet,
Kano.